Habila da Jar Motar Likita

Duk wanda ya taɓa kai kujerar mota gyara a bayan Kasuwar Muda Lawal, ta wajen layin masu katako, ya san rumfar Habila ko da bai riƙe sunan mai ita ba. Rumfar kwano ce, an jingina tsofaffin kujerun tasi a jikin bango, soso ya leƙo ta inda suka yage. A tsakiya akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa wanda ya girmi yawancin masu napep ɗin da ke kawo masa aiki. A bayan keken nan Habila yake wuni. Dogo ne, siriri, furfura ta ci gefen kansa, kuma ba mai yawan magana ba ne sai an taɓo zancen katako.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bogoro. Mahaifinsa kafinta ne, shi ke yi wa coci benci, ya yi wa mutane ƙofa, idan an yi rasuwa ya haɗa akwati. A hannunsa Habila ya koyi bambance maɗaci da kirya ta wari kawai. Da ya zama saurayi, gonar gidansu ta yi musu kaɗan, sai ya shigo Bauchi da zarto da guduma a cikin buhu. Ya yi dako, ya yi aikin rufin gida, kafin wani dattijo Bayerabe mai ɗinkin kujerun mota ya ɗauke shi. Zamanin motar Fijo ne, kowane ma'aikacin gwamnati yana son cikin motarsa ya yi ƙyalli, aiki har ya fi ƙarfin hannu. Da dattijon ya gaji ya koma garinsu, sai ya bar masa keken da rumfar. A nan ya samu abin da ya auri Liatu, a nan ya samu abin da ya yi wa 'ya'yansa makaranta. Mazan biyu sun watse, ɗaya Jos ɗaya Abuja, babu wanda ya so sana'ar. Babbar, Charity, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti ta wajen Gubi.

Matsalar idon ta gefe ta faro masa. Da farko sai mutane suka riƙa cewa Habila ya fara girman kai, a ɗaga masa hannu ba ya amsawa. Shi kuwa bai ga hannun ba ne. Duk abin da ke hagunsa ya soma ɓacewa a hankali, kamar ana jawo labule, har ya zama yana kallon duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu. Wata rana wani mai napep ya goge shi a kafaɗa yana tsallaka titi, ya zage shi ya wuce. Habila ya koma gida ya ce wa Liatu katako ne ya faɗo masa. Zare allura kuwa, sai ya juya wa mutane baya yake yi, da laluben yatsa. Ya ƙi zuwa asibiti, don ya san idan aka ba abin suna, to ya tabbata.

Ana cikin zafin bazara wata mata ta yi sallama ta hagunsa.

"Baba Habila, ina wuni?"

Sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya sannan ya gan ta. "Wa nake gani kamar Khairat? Yau ke ce a rumfata? Yaya jikin Likita?"

"Da sauƙi, Baba. Maganar motarsa ce ta kawo ni. Katakon gabanta duk ya farfashe. Shekaranjiya wani ɓawo ya shige wa Baffa ƙarƙashin farce, har da jini. Ko dai a gyara, ko a hana shi shiga, kuma ka san babu mai iya hana shi."

Likitan da ake magana shi ne Alhaji Modibbo, tsohon likitan dabbobi da ke zaune a Ɗan Iya. Motar kuwa wata 'yar ja ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajera har kamar cikinta zai taɓa ƙasa, shi ya sa yaran unguwa suka sa mata suna Kwaɗo. Tun yana matashi ya saye ta a hannun wani Baturen injiniya da ya gama aiki zai koma gida. Mutane sun yi ta dariya, wai ina mai bin rugage zai kai motar da ko ɗan akuya ba za ta ɗauka ba, shi kuwa ko a jikinsa. Yanzu ya tsufa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, mantuwa kuma ta shige shi. Wani lokaci bai san ko ya ci abinci ba, amma kullum bayan la'asar sai ya dogara sanda ya je garejin tsakar gida, ya shiga motar ya zauna a wurin direba, ya ɗora hannun dama a kan dashbod, wato katakon gaban motar, yana shafawa har a kira magariba. Khairat 'yarsa, wadda ke koyarwa a makarantar sakandare, ita ta dawo gidan da 'ya'yanta tana kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta.

Habila ya san wannan aiki ba na idonsa ba ne yanzu. Ya buɗe baki zai ce ya daina irinsa, maganar ta ƙi fita.

Dalili kuwa tsoho ne. Shekarar da aka yi babban rikici a gari, Habila da Liatu suna haya a Ɗan Iya, katanga ɗaya da gidan Likita, Liatu kuma da tsohon cikin Charity. Da hayaƙi ya fara tashi ta wajen kasuwa, ihu yana matsowa, Likita da kansa ya tura ƙofarsu ya ce su fito. Ya yafa wa Liatu mayafin matarsa ya zaunar da ita a gaba. Habila, duk tsawonsa, ya naɗe a ɗan wurin da ke bayan kujeru, aka rufe shi da buhunan maganin shanu. An tare su a hanya. Daga ƙarƙashin buhu Habila ya ji Likita yana cewa, cikin murya kamar mai cinikin albasa, iyalinsa ce naƙuda ta kama, a ba shi hanya. Haka ya kai su bariki. Bayan ƙura ta lafa suka koma Yelwa da zama, amma babu Sallar da Habila bai je gaisuwa ba, kuma Likita bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

"Zan zo," in ji Habila. "Amma kada ya ga ana cirewa."

Suka shirya cewa ranar da za a kai Likita asibiti gashin ƙashi, Habila zai zo da safe ya cire dashbod ɗin, a rufe motar da tamfol, a ce masa an fesa maganin sauro ne.

Da ya buɗe ƙofar motar, warin tsohuwar fata da ƙura ya buge shi, sai da ya ɗan tsaya. Dashbod ɗin katako ne daga wannan ƙofa zuwa waccan, mai ruwan zuma mai duhu, da zane a jikinsa kamar hayaƙi ya murɗe. Agoguna zagayayyu suna jere a gaban sitiyari. Man sheƙin da ke kai ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, wani wurin ya ɗago yana kaifi. A gefen dama, daidai inda hannu ke sauka, katakon ya yi baƙi ya yi santsi.

Ya fara cire kan batir. Ya kwance sitiyari ya jingina shi a bango. Sannan ya kwanta rigingine a ƙasan motar, ƙafafunsa a waje, kansa a ƙarƙashin dashbod, inda duhu ya haɗu da nasa duhun. Wayoyi ne birjik, kuma launinsu duk ɗaya ne a idonsa. Sai ya ɗauko zaren ɗinki, duk wayar da ya cire ya ɗaura mata zare ya ƙulla, ya yi wa mazauninta irin wannan ƙulli, yadda yatsa zai gane ko ido bai gani ba. Ɓera ya yi sheƙa a bayan rediyo. Zanzaro ya gina ɗakinsa a bayan agogon mai. Notina sun yi tsatsa sun kafe, sai ya ɗiga musu baƙin mai ya jira, ya sake gwadawa. Ɗaya ya ƙi sam, sufana ta zame ta fasa masa gaɓar yatsa. Aikin da dā zai gama kafin azahar, sai ga shi an dawo da Likita an shige da shi ta ƙofar gaba, an yi azahar, an yi la'asar, Habila yana nan kwance gumi yana shiga masa ido.

Ya samu dashbod ɗin ya saki ke nan, ya rungumo shi yana fitowa da baya, sai ya ji ƙarar sanda a kan siminti. Ta hagunsa ta zo. Kafin ya juya, sandar ta sauka a kafaɗarsa.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Likita ne, hularsa a karkace. Yana kallon cikin motar, inda babu komai sai ramin ƙarfe da wayoyi na reto.

"Likita, ni ne. Habila ne, maƙwabcinka na dā."

"Ban san ka ba! Wa ya ba ka? Ajiye mini abina!"

Ya sake ɗaga sandar, ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa, ya tafi zai faɗi. Habila ba shi da hannun tare shi, hannuwansa biyu suna riƙe da katako. Khairat ce ta fito a guje ba ko mayafi ta tallafe shi. "Baffa, gyara za a yi. Baba Habila ne. Za a dawo da shi." Tsohon ya fashe da kuka irin na yara, yana nuna motar da haɓa. Ta juyo ta ce a hankali, "Baba, tafi da shi kawai. Don Allah a hanzarta."

A cikin napep, dashbod ɗin a kan cinyarsa an naɗe shi da tsohon bargo, Habila bai ji zafin kafaɗar ba. Kalmar nan ta ɓarawo ce ta riƙa yi masa amo a kunne har rumfa.

Washegari ya shimfiɗa shi a kan benci ya cire agogunan ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe kowanne a tsumma. Nan ya tabbatar da abin da yake tsoro. Ba katako ne guda ba. Filawud ne a ƙasa, an manna masa wani siririn katako mai tsada a sama, kaurinsa bai fi ɓawon albasa biyu ba. Irin wannan, da tina, ruwan narkar da fenti, ake jiƙa tsohon man sheƙin ya yi laushi, a kankare shi da reza a kwance, sannan a bi da samfefa mafi laushi, ana yi ana dubawa a hasken rana. Aiki ne na haƙuri da ido.

Haƙurin yana da shi, lokacin ne babu. Kullum Khairat sai ta kira. Baffa ya ƙi cin abinci. Baffa ya je gareji ya ɗaga tamfol ya tsaya yana kallo. Baffa ya ce a kira 'yan sanda. Ba ta taɓa ce masa ya yi sauri ba bayan ranar farko, amma yana jin gajiya a muryarta. Sai ya ajiye duk aikin napep, ya riƙa zuwa tun da sanyin safiya, warin tina yana sa masa ciwon kai.

Rabin dama ya fita lafiya. Da ya shafa masa ruwa don ya ga yadda zai kasance, zanen katakon ya taso kamar yau aka yanke shi, har wani mai sayar da katako da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Kai, Baba, wannan itacen ba na ƙasar nan ba ne." Habila ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba.

A ɓangaren hagu, kusa da ramin babban agogo, akwai wani tabo da ya ƙi fita. Ya sa samfefa ya bi shi. Ya duba, tabon yana nan. Ya ƙara. Yana nan dai. Ya danna da ƙarfi kaɗan, yana tunanin tsohon da ya ƙi cin abinci. Yatsunsa ne suka fara gaya masa: wurin ya daina santsi, ya koma kaushi kamar bayan tabarma. Ya ɗaga katakon ya fita da shi rana, ya karkata kai ya kawo wurin daidai tsakiyar idonsa na dama. Babu wani tabo. Tabon a cikin idonsa yake. Abin da ke jikin katakon yanzu farin fili ne, faɗinsa ya kai tafin hannu, inda ya cinye siririn katakon har ya isa filawud.

Ya koma ya zauna. Masu napep biyu suka zo suka yi magana suka gaji suka tafi. Can ya tashi ya haɗa kala ya shafa a wurin, ya zana masa layuka da bakin allura ko zai saje. Da ya bushe sai ya zama kamar an shafa wa bango miya. Ya zaga layin masu katako kaf, babu wanda ya taɓa ganin irin itacen, balle ya sayar.

Da yamma ya naɗe dashbod ɗin ya tafi da shi gida, abin da bai taɓa yi da kayan mutane ba. Liatu tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta buɗe bargon, ta daɗe tana kallo.

"Baban Charity, wannan ba kuskuren hannu ba ne."

"Samfefar ce ta yi kaushi."

"Samfefa." Ta ajiye faifan. "Turmin nan da ke bakin ƙofa, wa kake tsammani ya ɗauke shi ya mai da shi bayan ɗaki? Igiyar shanya fa, wa ya ɗaga ta sama? Tun bara nake kawar da abubuwa daga hanyarka, ina jira ka buɗe baki ka gaya mini. A coci Fasto ya miƙo maka hannu ka wuce shi, na ce masa ba ka da lafiya."

Habila ya sunkuyar da kai. "Idan na ce ba na gani, wa zai kawo mini aiki? Me za mu ci?"

"Yanzu da ba ka faɗa ba, ga abin da muka ci."

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ya ji tana sauke kwanuka. Da ya bi ta, ta kwashe komai daga kabad ɗin da ya yi mata da hannunsa lokacin aurensu, na maɗacin da ya ɗauko daga ƙauye, wanda shekaru suka mai da shi ja mai duhu.

"Cire ƙofar," in ji ta. "Labule ma ya isa."

Kafin ya taɓa ƙofar sai da ya je Ɗan Iya. A zaure ya tsaya, ya buɗe wa Khairat bargon. Ta sa yatsa ta taɓa farin wurin, ta janye.

"Ni na ɓata shi," ya ce. "Idona ya lalace, Khairat. Ya kamata in gaya miki tun ranar da kika zo. Irin katakon babu shi. Sai dai in sake masa fuska gaba ɗaya da maɗaci."

Ya ji motsin tsohon a ciki yana tambayar wa ya zo.

"Da ka faɗa mini, Baba Habila," ta ce. "Da ko tsumma ne sai in shimfiɗa a kai. Abu ɗaya ne ya rage masa a duniya da yake ganewa." Ta share ido da gefen mayafi. "Yi abin da za ka iya. Ni ma da laifina, ni na ɗauko maganar."

Aka kai ƙofar kabad wurin masu injin yanka, suka fitar masa da falle siriri. Daga ranar Liatu ta bar tallan kayan miyarta ta riƙa bin sa rumfa. Shi ne hannu, ita ce ido. Ya kankare tsohuwar fuskar duka, har da baƙin wurin nan mai santsi na gefen dama. Da rezar ta zo kansa sai da ya dakata, sannan ya ci gaba. Ya shafa gam, ya manna sabon katakon, suka danne shi da bulo da tsofaffin batira. Ramukan agoguna da laluben yatsa ya yanke su ta baya, tana riƙe masa. Wajen samfefa tana zaune a gefensa tana cewa, "Ya isa nan. Matsa dama. Tsaya, tsaya!" Sukan yi faɗa. Ya ce ba ta san katako ba, ta ce shi kuma ba ya ganinsa.

Man sheƙin ma bai zo da sauƙi ba. Sun yi shafin farko ke nan aka yi ruwan farko na damina, iska ta yi danshi, da safe suka tarar ya yi fari-fari kamar an zuba madara. Dole aka goge aka sake. Shafi bayan shafi, a bari ya bushe, a bi da samfefa mai ruwa, a ƙara, har ranar da Liatu ta leƙa ta ce tana ganin ɗankwalinta a ciki. Ya sake wa saman sabon soso da baƙar leda, ya wanke gilasan agogunan, ya mai da kowanne gurbinsa.

Ranar mayarwa, Khairat ta zaunar da mahaifinta a ɗaki ta kunna masa karatu. Habila ya kwanta a ƙasan motar ya bi ƙulle-ƙullen zarensa, Liatu tana haska masa da tocilar waya. Ya ɗaura sitiyari, ya mai da kan batir. Khairat ta murɗa makulli, allurai suka motsa, ƙananan fitilu suka kama. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ma sha Allah." Ko ita ba ta taɓa ganin motar da kyau haka ba.

Bayan la'asar aka fito da Likita. Ya rame ƙwarai. Habila ya koma bayan ginshiƙi don kada ganinsa ya tayar masa da hankali. Khairat ta buɗe ƙofa ta taimaka masa ya zauna. Tsohon ya kalli agogunan, ya kalli jan katakon. Ya ɗaga hannun dama ya ɗora a inda ya saba, ya shafa, ya matsa gaba ya shafa, ya dawo. Yatsunsa suka yi ta yawo a kan santsin kamar masu neman wani abu da ya faɗi. Sannan ya janye hannun ya ɗora a cinya, yadda baƙo ke yi a ɗakin mutane.

"Mota mai kyau," ya ce cikin ladabi. "Ta wace ce?"

"Taka ce, Baffa. Gyara ta aka yi."

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya gane ana lallashinsa. "A'a. Fitar da ni, kada mai ita ya zo ya same mu. Tawa fa, yaushe za a kawo?"

Bai yi ihu ba, bai yi kuka ba. Da ma ya yi, da ya fi wa Habila sauƙi. Liatu ta kama hannun mijinta suka fita ta ƙofar gareji ba tare da sallama ba.

Likita bai sake shiga motar ba. Abinci ya dawo yana ci kaɗan-kaɗan, amma bayan la'asar sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana kallon bakin layi. Duk motar da ta shigo sai ya ɗaga kai.

Charity ce ta zo ta tasa mahaifinta a gaba zuwa asibitin ido, tana faɗa tana hawaye. Aka ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama za a iya riƙe abin da ya rage idan bai yi wasa da maganin ɗigawa ba, safe da yamma, har iyakar rayuwa. Ma'aikaciyar ta tambaye shi me ya hana shi zuwa da wuri. Ya ce aiki.

Bai rufe rumfar ba. Liatu ta kawo teburin kayan miyarta ta kafa a bakin rumfar, tana sayar da tumatir tana zare masa allura, tana duba masa layin ɗinki. Kujerun napep yake yi kawai, su ma masu kawowa sun ragu, don labari ba ya ɓuya a layin masu katako. Ranar da babu aiki yakan zauna ya yi tagumi, idan ta yi magana ya ce kansa ke ciwo.

Wata Lahadi bayan an tashi coci ya ce ta raka shi Ɗan Iya. Ta ce me zai je yi, ya ce shi ma bai sani ba. Suka tarar da Likita a ƙofar gida, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Liatu ta shige ciki wurin Khairat. Habila ya tsaya daga nesa kaɗan, ya cire hula, ya gaishe shi, yana jiran ihu.

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Babu alamar ya san shi, babu kuma alamar tsoro.

"Bawan Allah, kai ma jira kake yi?"

Habila ya ce, "E, ranka ya daɗe."

"To zauna mana, tsayuwa ba ta kawo su da wuri. Mutanen nan ba su da alƙawari." Ya nuna masa dakali da sandar.

Habila ya zauna ta yadda tsohon zai kasance a damansa. Likita ya shiga ba shi labarin wata saniya da ya taɓa yi wa aiki a wata ruga bayan Gubi, ya kai tsakiya ya manta, ya koma farko. Habila yana cewa "Ikon Allah" a inda ya dace. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska ta taso da ledoji a layin. Khairat ta leƙo ta ce a shigo da kujera kafin ruwa ya sauko.

"Ɗan ƙara mana kaɗan," in ji Likita. "Ina da baƙo."